Ma'anar "masauki mai kare muhalli" da abin da ke bambanta shi da otal a cikin kurmi

Duk wanda ke bibiyar tallace-tallacen yawon buɗe ido a intanet ya sha cin karo da hoton wani gini na itace mai jinka, a tsakiyar kurmi, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa wannan masauki ne mai kare muhalli. Turawa suna kiran irin wannan wuri "ecolodge", shi kuma yawon da ake yi zuwa can suna ce masa "ecotourism". A Hausa ba mu da kalma guda da ta tattara ma'anar, shi ya sa 'yan jarida kan ce yawon buɗe ido mai kare muhalli, ko kuma yawon buɗe ido mai ɗorewa. Kalmomin biyu ba abu ɗaya suke nufi ba. Ɗorewa sifa ce da ake so kowane irin yawon buɗe ido ya samu, ko da a tsakiyar babban birni ne, wato a gudanar da shi ta yadda ba zai cinye abin da ya dogara a kansa ba. Shi kuwa na farkon ya keɓanta ne ga ziyarar wuraren da halitta take nan yadda take, kamar kurmi, da tsauni, da bakin teku.

Yawanci ana jingina ƙirƙirar kalmar "ecotourism" ga wani masanin zanen gine-gine ɗan ƙasar Meziko, Héctor Ceballos-Lascuráin, a shekarar 1983. A 1990 aka kafa wata ƙungiya a Amurka don wannan fanni, wadda ta fitar da ma'anar da har yau aka fi kafa hujja da ita: tafiya ce cikin sanin ya kamata zuwa wuraren halitta, wadda ke kiyaye muhalli, ta kuma kyautata rayuwar mutanen wurin. Daga baya aka ƙara sharaɗi na uku, wato ilmantar da baƙo da ma'aikaci. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2002 ga wannan nau'in yawo, aka yi babban taro a kansa a birnin Kibek na Kanada, sannan ta ware 2017 ga yawon buɗe ido mai ɗorewa baki ɗaya. Abin lura a cikin ma'anar shi ne ba ta ambaci jinka ko katako ko farantin sola ba. Magana ce a kan daji da kuma mutanen da ke zaune a gefensa.

Wannan ba yana nufin yadda aka yi ginin ba shi da muhimmanci. Kurmin ƙasashe masu zafi wuri ne da ruwan sama ke sauka kamar da bakin ƙwarya, ƙasarsa kuma ba ta da kauri, da zarar an sare itatuwa aka bar ta a fili sai ruwa ya kwashe ta. Don haka masaukin kirki yakan tsaya ne a kan turaku, a haɗa ɗakunan da gadojin katako, domin ruwa da ƙananan dabbobi su wuce ta ƙasa. Ana ɗaga rufi sama sosai a bar iska ta ratsa maimakon a kafa na'urar sanyaya ɗaki, a tara ruwan sama, a samu wuta daga hasken rana, a tace ruwan banɗaki kafin ya isa kogi, sannan a kwashe robobi da gwangwanaye a jirgin ruwa a mayar da su gari. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau, amma mai kuɗi yana iya sayensu a cikin wata guda. Abin da ba ya sayuwa cikin sauƙi shi ne amsar tambayar nan: idan baƙo ya biya kuɗin kwana, aljihun wa kuɗin ke shiga, kuma shin mai aljihun yana da iko a kan makomar dajin?

Misalin da ya fi fito da wannan tambaya fili yana kudu maso gabashin ƙasar Feru, a lardin Madre de Dios, bakin kogin Tambopata. Akwai wata al'umma a can mai suna Infierno, sunan da a Sifaniyanci yake nufin jahannama, wadda ta ƙunshi 'yan ƙabilar Ese'eja da baƙin da suka zo daga tsaunukan Andis da sauran sassan Amazon suka zauna tare da su. A 1996 wannan al'umma ta ƙulla yarjejeniya ta shekara 20 da wani kamfanin ƙasar mai suna Rainforest Expeditions. Al'umma ta kawo fili da ƙwadago da sanin daji, kamfani ya kawo jari da sanin kasuwa. Aka amince cewa masaukin mallakar al'umma ne, ribar kuma za a raba ta kashi 60 cikin ɗari ga mutanen gari, kashi 40 ga kamfani, sannan a riƙa yanke shawara tare ta hanyar wani kwamiti da mutanen garin suka zaɓa. A 1998 aka buɗe wurin da sunan Posada Amazonas.

Baƙo yakan sauka daga jirgin sama a Puerto Maldonado, babban birnin lardin, ya shiga mota, sannan ya hau jirgin ruwa mai inji zuwa masaukin. Ɗakin da za a ba shi bango uku gare shi. Gefe na huɗu a buɗe yake, yana kallon kurmi, babu taga babu gilashi, abin da ke tsakaninsa da daji da dare shi ne gidan sauro. Da asuba ɗan rakiya, wanda galibi haifaffen wurin ne, zai tashe shi su tafi wani gaɓar kogi inda aku iri-iri, manya masu ja da kore da ƙanana, ke taruwa suna tsattsagar laka. Masana da dama suna ganin gishirin da ke cikin lakar ne ke jawo su, kamar dai yadda makiyayi ke ba shanunsa kanwa. Daga nan a wuce tafkin Tres Chimbadas, a hau kwale-kwale ba tare da inji ba, a yi shiru ana jiran fitowar manyan karnukan ruwa na Amazon, waɗanda farautar fatarsu ta kusa ƙarar da su a ƙarni na ashirin. A nan ne lissafin yake: akun da aka kama aka sayar sau ɗaya yake kawo kuɗi, haka karen ruwan da aka feɗe, amma wanda aka bari da rai kullum safiya akwai mai biyan kuɗi don ya gan shi. Saboda haka al'ummar ta ware wani yanki na filinta ta hana farauta da sarar itace a ciki.

Sai dai labarin bai tsaya a nan ba, kuma a ganina sashensa na biyu ya fi na farkon amfani ga mai son fahimtar kalmar. Wata masaniyar halayyar al'umma, Amanda Stronza, ta shafe shekaru tana nazarin Infierno, ta kuma gano cewa aikin yi da kuɗin shiga ba tasiri ɗaya suke yi ba. Wanda ya samu aiki a masaukin yakan rage noma da farauta, don ba shi da lokacinsu. Amma kuɗin da ya shigo hannun mutane ya ba wasu damar faɗaɗa sana'arsu ta da. Ba abin mamaki ba ne, domin mutumin da ya karɓi rabonsa na riba yana da 'yancin sayen injin jirgin ruwa ko injin yanka katako, kuma kowannensu yana iya kai shi can cikin dajin da a da bai isa ba. Ashe kuɗi kaɗai ba ya tsare daji. Sai an haɗa da dokar da mutane suka kafa wa kansu, da kuma yadda suke jin cewa wurin nasu ne.

Akwai wasu wurare biyu a Amazon da suka bi hanya makamanciyar wannan. A Ekwado an buɗe masaukin Kapawi a 1996 a ƙasar ƙabilar Achuar, inda ba a zuwa sai da ƙaramin jirgin sama da kwale-kwale, bisa alkawarin cewa kamfanin da ya gina shi zai miƙa shi ga masu ƙasar, kuma an miƙa ɗin a 2008. A Bolibiya kuma mutanen San José de Uchupiamonas ne ke riƙe da masaukin Chalalán a gandun dajin Madidi.

Da yake babu wanda ya mallaki kalmar, kowa yana iya manna ta a ƙofarsa. Otal mai ɗaki ɗari biyu zai share kurmi ya gina wurin ninƙaya, ya ajiye ƴar takarda a banɗaki yana roƙon baƙo kada ya sauya tawul kullum, shi ke nan sai ya ce shi ma mai kare muhalli ne. Wannan kyan ɗan maciji ne. Wata matsalar da ta fi wannan zurfi ita ce zurarewar kuɗi: baƙo ya biya kamfanin tafiye-tafiye a ƙasarsa, ya hau jirgin kamfanin wata ƙasa, ya kwana a masaukin da mai shi ke zaune a Turai, ya ci abincin da aka shigo da shi daga birni, abin da ya rage wa ɗan ƙauye shi ne albashin wanki da shara, alhali shi aka hana farauta da yin itace, kuma gonarsa ce dabbobin ke ɓarnatawa. Kura da shan bugu ke nan, gardi da amsar kuɗi. Don toshe wannan ɓaraka aka ƙirƙiro takardun shaida. Hukumar yawon buɗe ido ta Kosta Rika ta fara nata tsarin a 1997, inda aka riƙa ba masauki maki da alamar ganye, daga ɗaya zuwa biyar, maimakon taurarin da aka saba ba otal. A 2008 kuma aka fitar da ma'aunai na duniya baki ɗaya. Takardar shaida tana taimakawa, amma neman ta yana cin kuɗi da rubuce-rubuce, wanda hakan kan sa babban kamfani ya samu, ƙaramin masaukin ƙauye da ya fi shi cancanta ya rasa.

Kosta Rika ce ƙasar da aka fi kawowa a matsayin abin koyi, kuma da dalili. A shekarun 1980 dajinta ya ragu zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin ƙasar, yau kuwa ya haura rabi. Amma kuskure ne a ce masaukai ne suka yi wannan aiki su kaɗai. Dokar gandun daji ta 1996 ta hana mayar da kurmi gona ko makiyaya, ta kuma kafa tsarin biyan mai fili kuɗi don ya bar itatuwansa a tsaye, ana samun babban kaso na kuɗin daga harajin man fetur. Kiwon shanu ma ya rage riba a wancan lokaci. Yawon buɗe ido ya zo ne ya tarar da hukuma ta share masa fage.

Sai batun yawan baƙi, wanda shi ne ke gwada gaskiyar mai masauki, domin rage baƙi rage ciniki ne. A Ruwanda mutum takwas kawai ake bari su ziyarci garken goggon biri guda a rana, kuma awa ɗaya za su yi a wurin, daga nesa, saboda waɗannan dabbobi suna iya kamuwa da mura da tarin ɗan Adam. Tun 2017 kuɗin izinin ya kai dala 1,500 ga baƙon waje, kuma ana ware kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandayen dajin ga ƙauyukan da ke kewaye. Inda ba a ja irin wannan layi da wuri ba, an ja shi daga baya da tsada: Tailan ta rufe gaɓar Maya a 2018 bayan jiragen ruwa da cincirindon baƙi sun lalata murjanin wurin, ba a sake buɗe ta ba sai a farkon 2022. A Afirka ta Yamma, gandun dajin Kakum da ke kusa da Kef Kos a Ghana ya samo wata dabara tun 1995, wato gadojin igiya da aka rataya tsakanin ƙololuwar manyan itatuwa, waɗanda ke tattara baƙi a hanya guda su ga kurmin daga sama.

Akwai abu biyu da masu wannan sana'a ba su cika son a taɓo ba. Na farko shi ne jirgin sama. Baƙon da ya taso daga Landan ko Tokiyo zuwa Amazon ya riga ya ƙona man da kwana huɗu na wutar sola da wanka da ruwan sama ba za su biya ba, don haka amfanin ziyararsa ya rataya ne kacokan a kan ko kuɗinsa sun hana sare wani daji da gaske. Na biyu shi ne rashin tabbas. A 2020, da cutar korona ta rufe iyakoki, yawan masu tafiya tsakanin ƙasashe ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin ɗari, masaukai suka zama kufai, 'yan rakiya da matuƙan jiragen ruwa suka koma gida ba albashi. A Madre de Dios, lardin da Infierno take, sana'ar da ke jiran irin wannan mutum a kullum ita ce haƙar zinariya a bakin koguna, inda ake tumɓuke kurmi a wanke yashi da zaiba, kuma a shekarar ce farashin zinariya ya haura dala 2,000 kan kowace oza a karon farko.