Ɓatan Ayarin Franklin

Ayarin Franklin ayari ne na sojojin ruwan Birtaniya da ya ɓace a yankin ƙanƙara na arewacin Kanada, wajen neman mashigar da ta haɗa Tekun Atlantika da na Fasifik. Jirage biyu, Erebus da Terror, suka bar Ingila ran 19 ga Mayu, 1845, Sir John Franklin na jagora, da guzurin shekara uku. Mutum 129 ne suka shiga ƙanƙarar, ko ɗaya bai dawo ba.

Da shiru ya yi yawa, aka fara cigiya a 1848. A 1850 aka ga kaburbura uku a tsibirin Beechey, inda suka yi hunturun farko. Ainihin labarin kuwa a bakin Inuwit yake, mutanen ƙasar. A 1854 suka shaida wa John Rae, wani mai binciken ƙasa ɗan Scotland, cewa mutanensu sun ga Turawa na jan kwalekwale a kan ƙanƙara, sun rame ƙwarai, kuma yunwa ta kai wasu ga cin naman 'yan uwansu. Har cokula masu tambarin hafsoshin ya saya a hannunsu. Ingila ta ƙi ji, aka ce maganar mutanen daji ce.

Matar Franklin, Jane, ba ta haƙura ba. Ita ta tura wani hafsan sojan ruwa, Leopold McClintock, wanda mutanensa suka tsinci takarda a cikin tarin duwatsu a tsibirin King William a 1859. Takardar ta ce ƙanƙara ta riƙe jiragen tun Satumba 1846, Franklin ya rasu ran 11 ga Yuni, 1847, sauran mutum 105 suka bar jiragen a Afrilu 1848, suka nufi kudu a ƙafa. Yunwa, sanyi da ciwon ruɓewar dasashi ake ganin sun ƙarasa su. Batun gubar dalma daga gwangwanayen abinci kuwa har yanzu ana gardama a kai.

Daga baya bincike ya gaskata Inuwit, domin an ga alamun wuƙa a ƙasusuwan mutanen ayarin. A 2014 aka gano Erebus a ƙarƙashin teku, a yankin da kakanninsu suka daɗe suna nunawa, a 2016 kuma aka gano Terror bayan wani mafarauci daga ƙauyen Gjoa Haven na Inuwit ya faɗi inda ya taɓa ganin itace a tsaye cikin ƙanƙara. A 2018 Birtaniya ta miƙa wa Kanada mallakar jiragen biyu.