Molon Bama: tambayoyi kan fim ɗin sojan da ya ƙi komawa gida

Wane fim ne wannan?

Sunansa da Japananci Biruma no Tategoto, wato molon Bama. Kamfanin Nikkatsu ne ya fitar da shi a 1956, baƙi da fari, kuma Kon Ichikawa ya ba da umarni. An ɗauko labarin daga littafin Michio Takeyama, wanda ya rubuta shi domin yara, alhali bai taɓa taka ƙasar Bama (Myanmar ta yau) ba.

Me labarin ya ƙunsa?

Ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ne, 1945. Wata rundunar Japan tana ja da baya a dajin Bama, kyaftin ɗinsu ya koya musu waƙa, wani soja mai suna Mizushima yana kaɗa musu molo. Da Japan ta miƙa wuya, sai aka aike shi ya lallashi wasu sojojin Japan da suka maƙale a kogon dutse su miƙa wuya, Turawan Ingila suka ba shi minti 30. Suka ƙi, aka yi musu ruwan wuta. Mizushima ya tsira da ƙyar, ya saci rigar wani sufin addinin Buda ya kama hanyar sansanin da aka tsare abokansa. A hanyar ya ga gawarwakin 'yan ƙasarsu zube a bakin kogi, ba mai binnewa. Nan ya yanke shawarar zama a Bama ya yi musu sutura. Abokansa har aku suka koya wa cewa ya zo su koma gida tare. Bai koma ba.

Wa ya kamata a yaba wa bayan daraktan?

Matarsa, Natto Wada. Ita ta mayar da littafin yara ya zama labarin manya, kuma ita ta rubuta masa fim ɗin Nobi na 1959, wanda ya fi wannan ɗaci nesa ba kusa ba. Akira Ifukube ya tsara kiɗan, mutumin da ya yi wa fim ɗin Godzilla kiɗa. Shoji Yasui ne Mizushima, Rentaro Mikuni kuma kyaftin.

Ya samu karɓuwa?

Ƙwarai. Ya ci kyautar San Giorgio a bikin finafinai na Venice, ya kuma shiga takarar Oscar. Ichikawa ya sake yin sa da kala a 1985, amma ni dai tsohon na fi so.

To, ba shi da aibu?

Yana da shi. Ya yi kukan mamatan Japan, ya yi shiru kan ta'asar da sojojinta suka yi wa mutanen Bama. Kuma mai kallo daga Kano ko Sakkwato zai lura babu baƙar fata a cikinsa, alhali runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma, da Hausawa da yawa a cikinsu, sun yi wannan yaƙin na Bama da Japanawa.