Labaran da duniya ta lalace a cikinsu: ta ina fata yake shigowa?

Tunda aka ga ina yawo da irin littattafan nan nake shan tambayoyi a majalisarmu ta Ƙofar Mata, to bari in haɗa amsoshin waje ɗaya.

Wai mene ne distofiya ɗin nan?

Labari ne na duniyar da komai ya jagule, ko gwamnati ta zama dodo tana leƙen kowa, ko annoba da fari sun cinye gari. Kishiyar yutofiya ce, sunan da Thomas More ya raɗa wa wani tsibirin mafarki a littafinsa na 1516.

To ai baƙin ciki ne zalla, ko?

Wasu kam haka suke, ba ɓoye-ɓoye. A littafin 1984 na George Orwell, wanda ya fito a 1949, abin da ya fi tsaya min a rai ba na'urar leƙen asiri ba ce, wani maƙwabcin jarumin ne da 'yarsa ƙarama ta kai ƙararsa saboda maganar da ya yi cikin barci, kuma wallahi mutumin yana tsare amma alfahari yake wai ya yi mata tarbiyya. Shi ma jarumin, Winston, da azaba ta kai masa iya wuya cewa ya yi a yi wa Julia masoyiyarsa, a ƙyale shi. Ka ga gidaje na nan tsaye, tituna na nan, amana ce aka kashe.

Ina fatan yake kenan?

Sai ka koma wajen Octavia Butler, baƙar fatar Amurka, littafinta Parable of the Sower na 1993. Yarinya ce, Lauren, a unguwa mai katanga a Kalifoniya, aka ƙone unguwar ta rasa 'yan gidansu, ta kama hanyar arewa a ƙafa da jakar da ta daɗe da haɗawa, har da irin shuka a ciki. A hanyar nan ruwan sha ma sai mai kuɗi, wanda ka yi wa murmushi zai iya yanka ka da dare. Amma haka take jawo mutane ɗaya-ɗaya, yau a ba wannan abinci, gobe a ga ko zai iya gadi kowa yana barci ba a tashi an ga babu kaya ba, a hankali dai har suka zama jama'a suka kafa ɗan ƙauyensu.

Ni wannan ya fi min kama da gaskiya, don mun gani a farkon 2023 lokacin ƙarancin takardun naira. Mai shagon layinmu littafin bashi ya buɗe, tiransifa ta maƙale ya ce ɗauki garin ka tafi Malam, in ta shigo ka faɗa min. Ba takarda ba shaida.

Sake gina al'umma fa, da me ake farawa?

A littafin Fahrenheit 451 na Ray Bradbury, 1953, 'yan kwana-kwana aikinsu ƙona littattafai ne, sai wasu mutane a bayan gari kowa ya haddace littafi guda yana jiran ranar da za a sake rubutawa. Bature abin mamaki yake gani, mu kuwa da muka tashi muna jin gardawa na tilawa da asuba, mun san alaramma yana rubuta Alƙur'ani da ka, nan take muka gane. Ilimin ba ya zama a kan mutum ɗaya, dole ka yarda wancan ya riƙe nasa kason.

Ba yaudarar kai ba ce, a sa wa labari zuma a ƙarshe?

Akwai masu yin haka, jarumi ɗaya ya kifar da mulki an yi tafi an watse, waɗannan ba sa burge ni. Butler kuwa ba ta sassauta ba, a ci gaban labarin da ta fitar a 1998 wasu masu tsattsauran ra'ayi sun afka wa ƙauyen nan, suka mai da mutanen bayi, suka ƙwace 'ya'yansu har da jaririyar Lauren. Da Lauren ta kuɓuta sai ta koma bin gida-gida tana neman wanda zai saurare ta.