Gyaran Dokar Fyaɗe ta Jihar Kaduna na 2020

Gyaran dokar fyaɗe ta jihar Kaduna wani kwaskwarima ne da Majalisar Dokokin jihar ta yi wa kundin hukunta laifuka na jihar, wato Final Kod na shekarar 2017, a watan Satumba na 2020. Majalisar mai mambobi 34, wadda ke zama a Lugard Hall ƙarƙashin kakakinta na lokacin Yusuf Zailani, ta canza sashe na 258 da ya shafi fyaɗe, shi kuma gwamna na lokacin Nasir El-Rufai ya rattaba hannu a tsakiyar watan. A bakin mutane dai sunanta "dokar dandaƙa", don wannan hukuncin shi ne ya fi jan hankali har ƙasashen waje.

Me ya sa jiha ke da wannan ikon

Mutane da yawa suna ɗauka duk wata dokar laifi daga Abuja take fitowa, to ba haka ba ne. Tsarin mulkin 1999 ya bar wa jihohi yawancin laifukan yau da kullum irin su sata da kisan kai da fyaɗe, shi ya sa hukuncin laifi ɗaya zai iya bambanta tsakanin Kaduna da Kano ko Legas. Arewa ta gaji Final Kod ne tun gab da samun 'yancin kai a 1960, kundin da aka ɗauko tsarinsa daga na Sudan, shi kuma na Sudan ɗin daga na Indiya na 1860, yayin da kudu ke da nata kundin daban. Da aka rarraba jihohi kowacce ta tafi da kwafinta tana gyarawa yadda ta ga dama. Ko dokar hana cin zarafi da Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015 ai a Abuja kaɗai take aiki, sai jihar da majalisarta ta karɓa ta mai da ita tata, haka ma dokar kare haƙƙin yara ta 2003.

Hanyar da ƙudiri ke bi ba ta da wani sarƙaƙiya. Gwamna ko ɗan majalisa ya kawo shi, a yi karatu na ɗaya, a na biyu a tafka muhawara, a miƙa wa kwamiti wanda zai iya kiran jama'a su faɗi ra'ayinsu, a yi karatu na uku sai teburin gwamna. Gwamna yana da kwana 30, in ya ƙi sa hannu kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa za su iya mai da shi doka ko ba shi.

Abin da ya tayar da maganar

Shekarar 2020 shekarar kullen korona ce, mutane suna kulle a gida, kuma labaran fyaɗe suka yi ta fitowa ba ƙaƙƙautawa. A ƙarshen watan Mayu aka yi wa wata ɗaliba 'yar shekara 22 fyaɗe aka raunata ta a cikin coci a birnin Benin na jihar Edo har ta rasu, kwanaki kaɗan bayan nan aka kashe wata 'yar shekara 18 a Ibadan, mata suka fito zanga-zanga a birane, intanet ta ɗauki zafi. Babban sufeton 'yan sanda na lokacin Mohammed Adamu ya ce ƙorafin fyaɗe 717 suka karɓa daga Janairu zuwa Mayu, wannan fa waɗanda suka kai ga 'yan sanda ke nan. A watan Yuni ƙungiyar gwamnoni 36 ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. Cikin wannan yanayin ne majalisar Kaduna ta zauna.

Abin da gyaran ya ce

Kafin gyaran, wanda ya yi wa babba fyaɗe ɗaurin shekara 21 ne, wanda ya yi wa yaro ko yarinya kuma ɗaurin rai da rai. Sabon sashen ya ce duk namijin da kotu ta samu da laifin yi wa ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe za a yi masa dandaƙa ta hanyar tiyata sannan a kashe shi. In mace ce ta aikata, za a cire mata bututun nan biyu da ƙwai ke bi ya isa mahaifa, ita ma sannan kisa. In wanda aka yi wa ya haura 14, dandaƙa ce da ɗaurin rai da rai. Akwai kuma sa sunan mai laifin a rajistar masu fyaɗe a wallafa kowa ya gani, kuma a shari'ar ƙananan yara sai an kawo rahoton likita ya ƙarfafa shaida.

Muhawara

A gari kam dokar ta samu karɓuwa sosai, kuma ba abin mamaki ba ne, duk wanda ya taɓa ganin uwa riƙe da 'yar shekara huɗu a layin asibiti saboda irin wannan ta'asa ba zai yi wa masu murna dariya ba. Amma lauyoyi da ƙungiyoyin kare haƙƙi sun kawo sashe na 34 na tsarin mulki da ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan adam, da dokar hana azabtarwa ta 2017, wasu kuma suka tambaya wane likita ne zai yarda ya yi tiyatar da ba ta magani ba ce. A watan Oktoba na 2020 shugabar hukumar kare haƙƙin ɗan adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Michelle Bachelet, ta soki dokar, tana cewa abin da ke hana laifi shi ne mai laifi ya san tabbas za a kama shi a hukunta shi, ba girman hukuncin ba.

Wannan maganar ta ƙarshe tana da nauyi, don matsalar fyaɗe a wajenmu ba a kotu take farawa ba, a tsakar gida take farawa. Sau da yawa mai laifin ba baƙo ba ne, maƙwabci ne ko mai shagon bakin layi ko ɗan uwa na jini, kuma kafin gari ya waye dattijai sun cika zaure ana cewa a rufa asiri, a yi haƙuri, kar a ɓata wa yarinya suna ta rasa mijin aure, a ƙarshe a kashe maganar gaban mai unguwa da ɗan kuɗin magani. To in hukuncin ya zama kisa, uwar da aka ce mata ƙanin mijinta ne za a rataye, matsin da za ta sha daga dangi ya ninka. Ga kuma abin da ke faruwa cikin awannin farko: uwa cikin kuka za ta ɗora ruwan zafi ta gasa 'yarta ta wanke kayan da ke jikinta, da niyyar alheri ta yi, amma shaidar da likita zai rubuta ta tafi da ruwan. Maganin kariya daga ƙanjamau ma cikin awa 72 ake fara shi, shi ya sa cibiyoyin Salama da jihar ke da su a asibitoci, inda ake duba waɗanda aka ci zarafinsu, suke nanata a zo da wuri kafin wanka.

Daga caji ofis zuwa zartarwa

Majalisar jiha tana yin doka amma ba ta da 'yan sanda, sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce ta tarayya, don haka mai binciken da zai haɗa fayil ba ma'aikacin jihar ba ne. Sannan laifin da hukuncinsa kisa ne kotun majistare ba ta da hurumi a kai, iyakacinta ta tura wanda ake zargi gidan gyaran hali a jira shawarar ma'aikatar shari'a, daga nan sai babbar kotu, kuma watannin da ake ɗauka ana ɗage zama su ne ke gajiyar da iyaye talakawa da ke biyan kuɗin mota duk ranar kotu har su daina zuwa. Ko an yanke hukuncin, mai laifin yana da damar ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli, bayan nan ma sai gwamna ya sa hannu a takardar kisa, abin da gwamnonin Najeriya suka daɗe suna gujewa tun dawowar mulkin farar hula a 1999. Fitattun lokutan da aka zartar a baya-bayan nan a jihar Edo ne, mutum huɗu a 2013 da mutum uku a 2016.