Masu Kare Badalar Kano da Takaddamar Faɗaɗa Birni

Masu kare badala su ne hukumomi da ɗaiɗaikun jama'a da ke fafutukar hana rushe ganuwar birnin Kano da ƙofofinta. Cikinsu akwai malaman tarihi da masana zanen gine-gine na jami'o'i, da 'yan jarida, da dattawan unguwannin cikin gari. A hukumance, alhakin yana wuyan Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979.

Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya aza harsashin ganuwar, aka ci gaba da faɗaɗa ta har zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) da bayansa. Da jar ƙasa aka gina ta, don haka kowace damina sai ta ci wani abu daga jikinta. A da, aikin gayya ke mayar da abin da ruwa ya zaizaye. Wannan al'ada ta mutu bayan zuwan Turawa a 1903. A 2007 Najeriya ta sa ganuwar, tare da Dutsen Dala da Kasuwar Kurmi da Gidan Rumfa, a jerin wuraren da take neman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da su a matsayin wuraren tarihi na duniya.

Tushen takaddamar yana cikin doka. Ganuwa kayan tarihi ce ta ƙasa, amma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamnan jiha. Wanda aka ɗora wa tsaro ba shi ke raba fuloti ba. Shi ya sa sau da yawa ba a jin muryar masu kariya sai katafila ta gama aikinta. Haka aka yi a 2010, lokacin da aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina ta da siminti. Sunan ya tsira, amma ginin da ya shekara ɗaruruwa ya tafi.

Masu goyon bayan rusau suna da hujja: jama'a ta yi yawa, tsofaffin ƙofofi sun yi wa motoci ƙunci, 'yan kasuwa na neman rumfuna. Masu kariya kan amsa cewa ana iya ratsa titi ta gefen ƙofa a bar ta a tsaye. Hujjarsu mafi ƙarfi kuwa ta kududdufai ce, ramukan da aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu. Su ke shanye ruwan sama, kuma da aka cike su aka yi gini a kai, sai ruwan ya koma gidajen mutane.

Ba Kano kaɗai ba ce. A Legas an rushe wani tsohon gini mai suna Ilojo Bar a 2016, duk da yana cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956, kuma ƙungiyar Legacy 1995 mai kare kayan tarihi na cikin waɗanda suka yi tir da hakan.