Waiwaye: Yadda Kare Ɗalibai Daga Cin Zarafi Ya Zama Aikin Kansa a Jami'o'in Amurka

A yau da wuya ka shiga jami'a a Amurka ba ka tarar da ofishin da ke karɓar ƙorafin fyaɗe da cin zarafi ba. Tushensa dokar Title IX ce, wadda Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu ranar 23 ga Yuni, 1972. Ta haramta nuna bambancin jinsi a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya, amma ko kalmar fyaɗe ba ta ambata ba. A 1975 aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita, aka wajabta wa kowace makaranta naɗa aƙalla ma'aikaci ɗaya da zai riƙe wannan amana.

Waɗanda aka zalunta ne suka ba kujerar wannan ma'aikaci nauyi. A 1977 wasu ɗalibai mata suka maka Jami'ar Yale a kotu. Ba su ci shari'ar ba, amma kotu ta yarda cewa malami ya nemi lalata da ɗaliba a bakin maki nuna bambancin jinsi ne. Sai Afrilun 1986, lokacin da wani ɗalibi ya yi wa Jeanne Clery, 'yar shekara 19, fyaɗe ya kashe ta a ɗakin kwananta a Jami'ar Lehigh. Iyayenta ba su huta ba sai da aka kafa dokar 1990, wadda ta tilasta wa jami'o'i bayyana alƙaluman laifukan da ake aikatawa a harabarsu.

Daga 2011, bayan wasiƙar gargaɗin da gwamnatin Obama ta aika wa makarantu kan fyaɗe da cin zarafi, jami'o'i suka shiga ɗaukar ƙwararru gadan-gadan. Tun daga nan ƙa'idojin ba su zauna wuri ɗaya ba: an janye wasiƙar a 2017, a 2020 aka wajabta zaman sauraro inda ake yi wa mai ƙorafi da wanda ake zargi tambayoyi, gyaran 2024 kuma kotun tarayya ta soke shi a Janairun 2025. Ma'aikacin da ɗaliba ke zaune gabansa tana kuka, shi zai fahimtar da ita ƙa'idar da ke aiki a wannan shekarar, kuma ya yi wa wanda ake zargi adalci.

A ganina, ɓangaren da ya fi cancantar kuɗi da ma'aikata shi ne rigakafi. Wata dokar tarayya ta 2013 ta wajabta wayar da kan sababbin ɗalibai kan ma'anar amincewa da saduwa, da yadda wanda ya ga abokiyar karatunsa cikin haɗari zai sa baki tun kafin ɓarna ta auku.