Ledar da ka yar tana cikin tumbin akuyarka

Jama'a, bakina ya gaji da magana ɗaya. Kusan kullum a asibitin dabbobi sai an kawo mana akuya ko tunkiya ta rame, haƙarƙari duk a waje, ga ciki ya kumbura ya yi tauri. Mai ita ya ce an ba ta maganin tsutsa, an ba ta kanwa, har an fara zargin kambun baka. Kana danna cikin sai ka ji curi. Leda ce.

Shi ya sa yanzu ba na shiga mayanka sai da waya a hannu. Mahauci na farke tumbi nake ɗaukar hoto: baƙar leda, ledar fiya wata, zaren buhu, duk sun murɗe wuri ɗaya, wani sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi. Hotunan nake nuna wa masu kiwo a Kara da kasuwar Achida, tunda gani ya kori ji. Duk wanda ya kalla sai ya yi salati. Madalla da salati, Alhaji, amma yanzun nan ka shanye ruwa ka jefar da ledar a gabana!

Dabba ba ta da laifi. Ƙanshin mai da gishirin ƙosai take bi, balle da rani da babu ciyawa. In ta haɗiye, ledar ba ta narkewa, ba ta fita. Babu allurar da ke cire ta sai tiyata, kuma ba kowa ke da kuɗin ba. Jar akuyar Sakkwato da fatarta ta yi suna har Turai, ita muke kiwo a kan juji. Haba!

Ledar da dabba ba ta ci ba kuwa tana can ta toshe magudana, mutanen unguwar Mabera a Sakkwato sun san sauran labarin da damina. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya ta bi a 2017. Mu ko tumatir na ɗari sai an ƙara mana leda.

Hajiya, na san kiwon nan shi ne asusunki, don Allah ki taimake ni:

A ɗaure dabba a gida, a ba ta dusa da harawa da gishirin lasa.
A tafi cefane da kwando ko jaka.
A tara leda a buhu, a rataye inda akuya ba ta kaiwa.
Kada a hura wuta da ita, hayaƙin guba ne.

Dabbar da ta daina tuƙa tana ramewa, a kawo ta asibitin dabbobi tun tana iya tsayuwa.